Wai Har Jini Yana Yi wa Mutum Yawa?

Na san halinku. Tun kafin a kai ƙarshen kan maganar nan wani ya riga ya taɓe baki, ya ce, "Ga mai shaci-faɗi ya iso. Jini ne zai yi yawa, mu da muke bin layi a kemis muna neman maganin ƙarin jini?" Gaskiyarka, Malam, ba na ja da kai. A wajenmu kukan ƙarancin jini aka sani. Mai ciki ta je awo a ce jininta ya yi ƙasa, yaro ya yi zazzaɓin cizon sauro idonsa ya yi fari fat, mai sikila kullum ana cigiyar wanda zai ba shi leda. Shi ya sa in likita ya duba takarda ya ce PCV, wato ma'aunin yawan jini, ya hau, sai a yi hamdala, a koma gida a ƙara da zogale da hanta. Wanda ya girma a haka, ka ce masa akwai garin da mutum ke zuwa asibiti da ƙafarsa a zuƙe masa jini a zubar don ya samu ya yi barci, dole ya dube ka sheƙeƙe.

To akwai garin, kuma ba a tatsuniya yake ba. Sunansa Cerro de Pasco, a ƙasar Feru, cikin tsaunukan Andis na Kudancin Amurka. Garin masu haƙar ma'adinai ne, yana zaune a kan tudun da ya haura mita 4,300 daga bakin teku. Akwai ma yayansa, La Rinconada, inda ake haƙar zinariya a mita 5,100, kuma babu wani gari a duniya da mutane ke zaune dindindin da ya kai shi tsawo.

Ni Bazazzagi ne, saboda haka ina da lasisin tare Bakano tun kafin ya buɗe baki ya ce ai shi ma ya san tudu, tunda ya taɓa hawa Dala ranar sallah yana haki. Sannu da ƙoƙari. Birninku duka bai wuce mita 500 daga teku ba. Jos da kuke zuwa da rigar sanyi biyu kusan 1,200 ce. Dutsen Bagzan na Nijar ya ɗan haura 2,000. Chappal Waddi a jihar Taraba, wanda ya fi ko'ina tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Cutar da nake ba ku labari kuwa likitoci ba sa fara lissafa ta sai a mazauna mita 2,500 zuwa sama. Ka ga ko ƙololuwar ƙasar nan ka je ka kafa bukka, ba a ɗauke ka a makarantar ba tukuna.

Yanzu ga yadda abin yake. Iskar oksijin kashi 21 ce cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, ko a Legas ko a kan tsauni, wannan ba ya canjawa. Abin da ke canjawa shi ne nauyin iskar. Kana hawa tana sakwarkwacewa, har ya zama numfashi ɗaya a Cerro de Pasco bai kawo maka fiye da kashi uku cikin biyar na abin da zai kawo a bakin teku ba. Huhu ya cika, amma abin da ya shiga jini kaɗan ne. Wa ke fara lura? Ƙoda. E, ƙodar nan da kuka ɗauka ba ta da aiki sai fitsari da shiga tsire. A cikinta akwai ƙwayoyin da ke auna oksijin ɗin da jini ya kawo. Suna da wani sinadari da ake kira HIF, wanda jiki ke ƙerawa yana rushewa dare da rana muddin oksijin ya wadata. Ranar da ya yi ƙaranci, sai rushewar ta tsaya, sinadarin ya taru, ya sa ƙoda ta saki wani ɗan aike mai suna EPO. Shi kuma ya nufi ɓargo ya ce a ƙara ƙera jajayen ƙwayoyin jini, don su ne ke dakon oksijin. Da ma ɓargo ba malalaci ba ne, a kowace daƙiƙa yana fitar da kusan miliyan biyu, kowace ta yi kwana 120 tana aiki. In an ce ya ƙara, ba ya musu.

Na ji mai gardamar teburin mai shayi yana cewa, "Wa ya leƙa ƙodar ya gani?" Mutum uku, Alhaji: William Kaelin, Peter Ratcliffe da Gregg Semenza. Saboda gano wannan ma'auni aka ba su kyautar Nobel a 2019. Tun kafin su ma, a 1890, wani likita Bafaranshe, François Viault, ya ƙirga ƙwayoyin jininsa a Lima da ke bakin teku, ya hau garin Morococha da ke kan tsauni ya zauna 'yan makonni, ya sake ƙirgawa, ya ga sun tashi daga miliyan biyar zuwa takwas a ɗan ɗigon da ake aunawa. Da nasa jinin ya gwada, don kada irinka su ce an ba shi labari ne.

Zuwa nan babu laifi, jiki ya ga rashi ya yi dabara. Matsalar ita ce a jikin wasu dabarar ba ta san tsayawa ba. Duk wanda ya taɓa yin gwajin PCV ya ga siririn bututun gilashin nan da ake cika wa jini, a toshe gindinsa, a sa a injin da ke wulwulawa. In an fito da shi za ka ga ja a ƙasa, ruwa mai kalar rawaya a sama. A lafiyayyen namiji jan yakan tsaya wajen kashi 45. A mai wannan cuta yakan kai 65, ya kai 70, a La Rinconada an auna waɗanda suka taɓa 80. Ka ɗaga bututun ka ga ja ya kusa cinye shi, ruwan ɗan tsito ne a saman. Jinin da kansa ya yi duhu, ya yi kauri, yana fita a allura da ƙyar. Mai shi kuma leɓɓansa sun yi shuɗi-shuɗi, idonsa jawur, jijiyoyin hannu sun fito ruɗu-ruɗu. Kansa na ciwo, jiri na ɗibarsa, kunne na ƙara, tafin hannu da na ƙafa na zafi, barci ba ya daɗi, tunani ya yi nauyi. A ƙarshe jijiyoyin huhu su takura, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta turi har ya gaji.

Bakano, dawo kusa, wannan misalin naka ne. A ce fasinja sun yi cirko-cirko a bakin Kantin Kwari, sai hukuma ta ce a ƙaro Adaidaita Sahu. An ƙaro ɗari, kowa ya samu abin hawa, an ji daɗi. Sai aka ci gaba da ƙarowa, dubu, dubu biyar, a kan titin da bai ƙara faɗi ba. Yanzu ga abin hawa ko'ina amma babu mai motsi. Shi kuma jami'in da ke ofis ba ya ganin titi, abin da kawai yake ji shi ne fasinja ba su isa gida ba, sai ya sake sa hannu a ƙaro wasu. Jami'in nan shi ne ƙoda. Jini ya yi kauri, zagayawarsa a huhu ta lalace, oksijin ya ƙara raguwa, ita kuma ta ƙara sakin EPO. Garin neman gira ake rasa ido.

Likitan Feru Carlos Monge Medrano ne ya fara bayyana cutar a 1925, shi ya sa ake kiranta da sunansa, cutar Monge. Yau ma'aunin da likitoci suka amince da shi shi ne himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, ya kai giram 21 a namiji, ko 19 a mace, tare da alamomin da na lissafa.

"To ai ka gama magana," in ji Malam. "Tsawo ne ya jawo, sai ka sallame mu." Zauna tukuna, ba a nan gizo ke saƙar ba. Da tsawo kaɗai ne, da duk garin sun kamu. Amma a Cerro de Pasco wajen kashi 15 cikin ɗari na manyan maza ne ke da ita. Maƙwabta biyu, unguwa ɗaya, iska ɗaya, wannan garau, wancan leɓe shuɗi. Tsawo ya buɗe ƙofa ne kawai, akwai masu tura mutum ciki.

Babbansu shi ne ragon numfashi. A gefen wuya, inda babbar jijiyar jini ta rabu biyu, akwai wasu 'yan ƙananan ma'aunai da ke sanar da ƙwaƙwalwa in oksijin ya ragu, ita kuma ta sa a ƙara jan numfashi. Baƙon da ya hau tsauni yau, su ne ke sa shi haki, kuma hakin alheri ne gare shi. Amma wanda ya shekara talatin, arba'in a can, a wasu sai ma'aunan su dushe, su saba da rashi har su daina kai ƙara. Mutum yana numfashi a hankali kamar yana bakin teku alhali yana mita 4,000. Huhu ya yi sakaci da aikinsa, sai nauyin ya koma kan ɓargo. A ganina wannan ne uwar matsalar, sauran duk 'yan rakiya ne.

Da dare kuma abin ya fi muni, domin kowa numfashinsa na raguwa in ya yi barci. A Zariya wannan ba komai ba ne, akwai rara. A kan tsauni babu rara, ɗan ragin nan ya isa ya jefa jini cikin yunwar iska na sa'o'i. Ga kuma masu minshari. Alhaji, kada ka waiga, da kai nake. Na san za ka rantse ba ka yi, duk mai minshari haka yake cewa, don bai taɓa jin kansa ba. A tambayi Hajiya. Ita ta san lokacin da ƙarar ke ɗaukewa ɗif, ta ƙirga ɗaya, biyu, har goma, sannan ka farko da wani gurnani ka juya. A wannan shirun numfashi ne ya tsaya. Ƙiba da kaurin wuya na ƙara shi. Ƙoda kuwa ba ta barci, tana rubuta duk abin da ya faru, ta aika wa ɓargo. Mutum ya je asibiti da rana a auna shi a ga dama-dama, ɓarnar tun dare aka yi ta.

Shekaru ma na da hannu, cutar ta fi kama magidanta da dattawa fiye da samari. Ta kuma fi son maza, saboda sinadarin mazantaka da kansa yana zuga ɓargo. Hajiya, na ga kina murmushi, kin ce Allah ya ƙara. Ki yi a hankali. Abin da ke kare mace biyu ne: jinin al'ada da ke rage mata kaya duk wata, da wani sinadarin mata da ke ƙarfafa numfashi. Ranar da al'ada ta ɗauke, kariyar ta tafi, sai ki ga adadin mata masu cutar ya fara bin sawun na maza.

Sai duk abin da ya taɓa huhu. Ƙurar ramin haƙar ma'adinai, tsohon tabon tarin fuka, hayaƙin girki a ɗakin da aka toshe saboda sanyi, da uwa uba taba. Hayaƙin sigari na ɗauke da iskar da ke manne wa himogulobin ta hana shi ɗaukar oksijin, ka ga mai busa ta a La Rinconada ya ƙara wa kansa tsauni a kan tsauni. Akwai ma wani abin mamaki da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2002: an samu ƙarfen kobal da yawa a jinin wasu masu cutar a Cerro de Pasco. Shi kobal maƙaryaci ne, yana hana a rushe HIF ko da oksijin na nan, ƙoda ta ɗauka ana cikin fari. Ba a kowane gari aka same shi ba, saboda haka kada a ɗora masa laifin duka, amma a garin ma'adinai ya cancanci a sa masa ido.

Yanzu ga inda nake so masu cewa "jini shi ne lafiya" su gyara zama. Mutanen Tibet sun shafe dubban shekaru a kan tudun da ya kai na Andis, babban birninsu Lasa yana wajen mita 3,650. In yawan jini ne gwaninta, ai su ya kamata su fi kowa. Wata masaniya Ba'amurkiya, Cynthia Beall, ta auna su, ta auna 'yan ƙabilar Aymara na Bolibiya, a tsawo kusan ɗaya, wajen mita 4,000. Mazan Aymara himogulobin ɗinsu ya kai 19. Mazan Tibet bai cika 16 ba, kusan abin da za a samu a jikinka in ka ci ka ƙoshi. Kuma su ne cutar Monge ba ta cika kamawa ba, wajen mutum ɗaya cikin ɗari. 'Yan ƙabilar Han da suka ƙaura can daga kwarin ƙasar Sin sun ninka su kamuwa sau da yawa, a gari ɗaya, a iska ɗaya.

Me suke yi? Suna numfashi da yawa, ma'aunan wuyansu ba sa dushewa da wuri, jijiyoyinsu a buɗe suke jini na gudu, ruwan jininsu kuma da yawa. A 2010 aka gano cewa yawancinsu na ɗauke da wani nau'i na ƙwayar gado mai suna EPAS1, wadda ke cikin gidan HIF ɗin nan, kuma aikin nau'in nasu shi ne rage wa ƙoda zumuɗi. A 2014 aka gano daga inda suka samo shi, kuma nan ne na san Malam zai ajiye kofin shayi. Ya yi daidai da na wasu mutanen da, da ake kira Denisoba, waɗanda suka ƙare tun dubban shekaru, aka san su ta ɗan guntun ƙashin yatsar wata yarinya da aka tono a wani kogo a Saberiya. Kakannin 'yan Tibet sun yi auratayya da su, suka gaji abin. Ka ce ƙarya ne? Ba ni na tono ba. An ma samu muƙamuƙin irin mutanen a wani kogo a kan tudun Tibet ɗin kansa, aka sanar a 2019.

Kuma kada ka ce sai an je Asiya. Ga Habasha nan a nahiyarmu. Beall ta auna Amhara mazauna tsaunukan Simien a mita 3,500, ta tarar himogulobin ɗinsu kusan irin na mutanen kwari ne, jininsu kuma cike da oksijin. A Andis ma an gano ƙwayoyin gado, irin su SENP1, da suka bambanta masu kamuwa da waɗanda ba sa kamuwa. Wato wanda ya fi iya zaman tsauni shi ne wanda jikinsa ya koyi kada ya cika ƙera jini. In wannan bai girgiza aƙidar kwalbar tonik ba, ban san me zai girgiza ta ba.

Na hango ɗan ƙwallo a baya yana ɗaga hannu. "In haka ne, me ya sa 'yan gudun Kenya ke atisaye a Iten, mita 2,400? Me ya sa ɗan tseren keke Lance Armstrong ya yi ta allurar EPO har aka ƙwace masa kofuna bakwai a 2012?" Tambaya mai kyau, ka ci maki. Ƙari kaɗan yana taimako, babu musu, musamman in za ka sauko ka yi gudun inda iska ta wadata. Akwai ma wani ɗan Finlan, Eero Mäntyranta, gwanin tseren ƙanƙara, da aka haifa da ɓargo mai saurin jin kiran EPO, ya ci lambobin Olamfik bakwai. Amma shi huhunsa lafiya lau, a ƙasa yake zaune, kowace ƙwaya cike take da kaya. Kuma ka tuna hukumar tseren keke ta duniya a 1997 ta hana duk wanda PCV ɗinsa ya wuce 50 shiga gasa, da hujjar tsaron lafiyarsa. Hamsin ke nan. Mutanenmu na La Rinconada suna saba'in suna shiga rami da diga.

Wanzami ma na ga ya fara wasa aska, ya ce ai da ma sun faɗa, ƙaho ne magani. Ka ɗan taɓa gaskiya, Sarkin Aska, don a can ma zuƙe jini ake yi, mutum ya ji wasai na ɗan lokaci. Sai dai ƙoda ba ta canja ra'ayi ba, bayan 'yan makonni an mayar da abin da aka ɗiba. Akwai ƙwayar asetazolamaid da aka gwada a Cerro de Pasco, wadda ke sa mutum ya ƙara numfashi, har cikin barci, aka ga EPO ya sauka, jinin ya ragu. Ka lura, numfashi aka gyara jini ya bi. Maganin da ya fi duka kuwa shi ne saukowa. Mai cutar ya koma Lima a bakin teku, cikin makonni alamomin su watse. Ya koma sama, su dawo.

Kafin ka ce to su sauko mana, ka ji yadda ake aiki a yawancin ramukan La Rinconada. Mutum zai yi kusan wata guda yana haƙa ba a biya shi ko sisi ba, sannan a ba shi rana ya ɗebi iya dutsen da zai iya ɗauka, in da zinariya a ciki rabonsa, in babu sai wani watan. Wanda talauci ya kai shi ga wannan caca, ba ciwon kai ne zai sauko da shi ba. Na Cerro de Pasco kuma can aka haife shi, can gidansa, can aikinsa, can kabarin iyayensa. Mu da muka san masu shiga ramin zinariya a Zamfara duk da labarin gubar dalma, bai kamata mu yi musu dariya ba.

Saura kai, Malam, da ka ce wannan duk labarin Feru ne, bai shafe ka ba. Rabinsa ya shafe ka. In aka auna ka a Kano ko Maraɗi aka ga PCV ya wuce 52, kada ka yi walima, kada kuma ka ɗora wa Dala laifi. A ƙasa irin tamu abin da ke jawo shi taba ce, ko shisha, ko minsharin nan da kake musu, ko ciwon huhu, ko na zuciya, ko na ƙoda, ko rashin ruwa a jiki, ko kuma wata cutar ɓargo da ke sa shi ƙera jini ba tare da an aike shi ba. Ka ajiye kwalbar ƙarin jinin, ka koma wurin likita da takardar, ka tafi da Hajiya don ta ba da shaidar abin da ke faruwa da dare.